Gorar Kawu Mai Hoto

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna mai hoto, yayan Innarmu, ya rasu a Bagudo cikin daminar nan bayan 'yar gajeriyar jinya. Ina bakin aiki a asibiti a Birnin Kebbi aka kira ni, kafin in iso har an kai shi makwancinsa. Na rubuta wannan ne don kada a manta da shi, don kuma akwai maganar da ta daɗe tana bin sunansa a garinmu, ina so in faɗi abin da na sani a kanta.

Abin da na fara gani a ƙofar gida motoci ne, jere har bakin masallaci, sai ka ce tasha aka taso da ita. Direbobin Kaoje sun zo, na Tsamiya sun zo, har da Dandawan tsallaken iyaka masu gaisuwa da harshensu. Suna zaune kan tabarmi suna nuna wa juna hotuna a waya, kowa da motarsa, ana 'yar dariya ƙasa-ƙasa, sai wani ya tuna inda yake ya ce Allah ya jiƙan tsoho. Dattawan unguwa suna gefe guda. Sun shaide shi da sahun gaba a masallaci, sun shaide shi da rashin abokin faɗa, amma ina wucewa na ji wani cikinsu yana cewa Allah dai ya yafe masa hotunan nan. Raina ya ɓaci, na haɗiye, na shige.

A cikin gida mata sun cika tsakar gida. Kusan kowace tana da abin faɗi: shi ya ɗauke ta ranar aurenta, shi ya ɗauki ɗanta ranar suna, shi ya ɗauki mahaifinta hoton tafiya Makka. Inna tana jingine da bango tana amsa gaisuwa, idonta a bushe. Matar Kawu ta kama hannuna ta ja ni ɗaki, ta sakaya ƙofa.

"Ɗiyata, uwakki ta shiga, ta gane shi, ta yi mishi addu'a. Amma kalmag ga guda da shika jira, ba ta hwaɗe ta ba."

Na san kalmar. A gidanmu in mutum ya cika, 'yan'uwansa na jini sukan shiga ɗaya bayan ɗaya kafin a fita da shi, kowa ya ce ya yafe masa. Inna ta ce Allah ya jiƙansa, ta tsaya a nan. Ashe ko da yana kwance ya aika a roƙa masa gafararta, amsar da ta bayar ita ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san wannan amsar rufe ƙofa ce cikin ladabi. Dalilin kuwa Auta ne, ƙanena, ɗan da Inna ta fi so a cikinmu, ba ma jin haushi don mu ma shi muka fi so.

Sai na koma baya kaɗan. Kawu jikan masunta ne, amma tun yana saurayi ya bar jirgi ya kama hoto. Shagonsa yana bakin kasuwa, da labule mai zanen gidan sama da furannin roba da suka ga shekaru. Mutum ne mai sanyin jiki har ya ba ka haushi. Kekensa ko yaro mai tallan gyaɗa yana wuce shi. In dole ta sa ya shiga mota, kujerar baya yake nema, da direba ya ɗan taka sai ka ji muryarsa daga can yana cewa ba a koro mu ba. A shago kuwa, in mutum ya cika motsi gaban kyamara, sai ya leƙo ya ce masa ya tsaya kamar ya hango surukinsa. Ni kaina na sha wannan faɗan, duk hotunana na ƙuruciya idona a zare suke.

Da waya mai kyamara ta shigo hannun kowa, shagon ya mutu a tsaye. Sai mai neman hoton katin shaida, shi ma jifa-jifa. Kawu yakan wuni yana kaɗe ƙuda daga furannin roba. Muka yi ta ba shi shawarar ya koma noman shinkafa tare da 'yan'uwa a Kaoje, ya ce to, bai koma ba. A wannan zaman ne ya fara abin da matarsa ta kira haukan tsufa.

Na zo hutu wata rana na tarar da zauren Kawu ba wurin taka ƙafa. Ya samo doguwar gorar tuƙin jirgi, ya ɗaure kyamara a bakinta, ɗaya bakin kuma yana gwada maƙala shi a gaban wata mota da ta mutu a garejin maƙwabci. Gorar ta ƙi, tana lanƙwasa tana rawa. Ya sauya ta da bututun ƙarfe mara nauyi irin na ban-ruwan shinkafa, amma sunan gora ya riga ya bi ta, har yau haka ake kiranta. Mai walda ya yi masa maƙalai masu kama ƙasan mota. Ya ɗaure tsakiyar bututun da wayar birkin babur ta ɓangarori, ya ja su ya tamke da ƙullin masunta, irin wanda in ka ja shi ƙara kamawa yake. A gaban idon kyamarar ya liƙa baƙin gilashin da masu walda ke kare ido da shi, shi ya sa duk hotunan da suka fito suna da wani kore-kore.

Faɗan da suka yi da matarsa a kan wannan aiki har maƙwabta sun ji. Ta tashi da safe za ta ja ruwa ta tarar da gugarta ta roba an yanke mata gindi, ya yi wa maƙalansa shimfiɗa don kada su kankare fentin motar mutane. Ba ta gama wannan ba ta ga igiyar shanyarta ma ta tafi. Ta ce masa saura turmi da taɓarya, in yana so ya zo ya ɗauka. Kawu ya dubi taɓaryar da gaske, ya ce ta yi nauyi. Ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, shi kuwa ya yi ta jan ruwa da gugar aro yana cika mata randuna, har ta gaji ta yi dariya.

Hoton farko da ya fita tasha ya tayar da hankalin gari. Mota ce tsaf, ana karanta lambarta, ana ganin fuskar direba, amma hanya da itatuwa da sararin sama duk sun narke sun koma zare-zare, tayoyi kuma sun zama faifai. Duk wanda ya kalla sai ya ji iska a kunnensa. Waya ba ta iya wannan, an gwada an gaji. Gorar ma ba ta fita a hoton, Kawu yana goge ta a tsohuwar kwamfutarsa, yana yi yana tsaki. Nan da nan direbobi suka yi masa layi. Yaran da ke bin hanyar iyaka, masu kwasar fasinja da kaya zuwa Tsamiya da Lolo da ƙetare, da ma gudu ne abin alfaharinsu, yanzu ga shaida ta samu.

Yana da doka guda: ba a kallo. Daga shi sai mai mota da abokan mai mota biyu, su fita da sanyin safiya zuwa wata tsohuwar hanya a bayan garin Sharabi inda ba kowa. In sun dawo, direba ya shiga tasha yana ba da labarin yadda ya taka mota har allurar gudu ta kwanta, tsoho yana ɗaure a gefe yana salati. Kowa da irin nasa ƙarin gishirin. Kawu in an tambaye shi sai ya yi murmushi ya ce aikin Allah ne. Mu ma a gida abin da muka ɗauka ke nan, har muna mamakin mai tsoron kujerar gaba ya zama abokin masu gudu.

Auta bai daɗe da karɓar mota ba ya je aka yi masa nasa. Ya sa aka wanke shi babba, aka saka a gilashi, ya kawo wa Inna ya rataye mata a ɗaki. Ina nan a ranar, da kunnena na ji shi, yana tsaye yana kwatantawa da hannu.

"Inna, Kawu na ta ce min ƙara wuta, ƙara wuta. Ni kau na taka ta sai da ƙasa ta narke."

Inna ta yi masa daƙuwa tana dariya, ta ce Allah ya shirye shi da shi da kawun nasa. Damina ta gaba, a hanyar Kaoje, inda ruwa ya ci gefen titi, motar Auta ta kauce da gudu ta juya. Fasinjojin sun rayu, da raunuka. Shi ko asibiti bai kai ba.

Ranar da Kawu ya shigo yi wa ƙanwarsa gaisuwa, tsakar gida cike da mata, ya durƙusa a bakin tabarmarta. Inna ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, kai kac ce mishi shi ƙara wuta. To, ya ƙara."

Na zuba masa ido ina jira ya ce wani abu. Bakinsa ya motsa, sai ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya jiƙan yaro, ya tashi ya fita. A makon nan ya kwance gorar, ya ɗaga ta ya soke a rufin zaure. Direbobi sun yi roƙon duniya, har daga ƙetare aka zo, bai sake ɗaukar mota ba. Ya koma kaɗe ƙuda a shago.

Shekarun da suka biyo baya ba na son tuna su. Duk Juma'a in an sauko masallaci Kawu zai jingine kekensa a ƙofar Inna, ya yi sallama, ya tsaya daga bakin ƙofa ya gaishe ta. Ta amsa daga ciki, lafiya lau, lafiya lau, shi ke nan. In 'yan'uwa sun aiko masa da kifi daga gulbi, mai kyaun ciki nata ne, sai ta karɓa ta raba wa maƙwabta. Hoton Auta ta juya fuskarsa bango, ba ta sauke ba, ba ta kuma yarda a taɓa ba. A gari kuwa magana ta zauna: tsohon nan ne ya zuga yara. Duk motar da ta faɗi, sai an sami mai cewa ai shi ma yana da hoton gora. Ni ina tsakiya, ina son uwata ina son kawuna, in na zo hutu sai in rasa gidan da zan fara shiga. Na yi fushi da Inna a kan taurin zuciya, na yi fushi da Kawu a kan shirunsa, fushin bai amfani kowa ba.

Washegarin jana'iza, da mutane suka ɗan ragu, matar Kawu ta zaunar da ni ta faɗa min abin da ya hana ta faɗa yana da rai. Motocin nan ba gudu suke yi ba. Injin ma a kashe yake, turawa ake yi, a hankali fiye da tafiyar ƙafa. Da yake kyamarar a jikin motar take ɗaure, tare suke tafiya, sai motar ta fito tsaf. Baƙin gilashin kuma yana sa idon kyamarar ya daɗe a buɗe, duk abin da aka wuce a wannan ɗan lokaci sai ya shafe ya zama zare. Da motar za ta yi gudu, gorar za ta yi rawa, komai ya lalace. Ta ce shi kansa a kan kuskure ya gano, wata magariba da ya ajiye kyamara a kan wata mota da ta ƙi tashi ana tura ta, hannunsa ya danna bai sani ba. Abokai biyun da ake tafiya da su masu turi ne, kuma duk direban da aka yi wa ya san sirrin, ba dai mai tona kansa a tasha.

Na tambaye ta, don Allah me ya hana shi buɗe baki ranar nan a tsakar gida? Ta ce ita ma ta tambaye shi har ta gaji, amsarsa ba ta taɓa sauyawa ba, ta maimaita min ita yadda yake faɗa.

"In na ce ban hwaɗi ba, na ƙaryata mamaci gaban uwa tai. Yaro ya tahi, ba shi iya kare kainai. Ni ina da rai, ina iya ɗauka. Kuma motar ba ta gudu ba rannan, amma ni nan na koya ma idon yaran ga son gudu."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi damuna, don ba zan ce ba ta da gaskiya ba. A asibiti nake aiki, na san yadda ake shigo da yaran hanya. Na ga wanda aka ciro wayarsa daga aljihu, hoton gora ne a fuskarta. Yaro ya ga kansa yana tashi sama a hoto, abokansa sun gani, budurwarsa ta gani, to gobe da wane ido zai bi hanya a hankali? Kawu ya san haka, shi ya sa bai taɓa neman a wanke shi ba. Amma abin da Inna ta riƙe shi da shi, kalmar ƙara wuta, bai faɗe ta ba, ga shi an binne shi da ita.

Na rasa yadda zan yi. In na faɗa wa Inna, na mayar da ɗanta maƙaryaci, abin da Kawu ya ƙi yi har ya mutu. In na yi shiru, ta ci gaba da riƙe mamaci da laifin da bai yi ba, ita ma kuma ba yarinya ba ce. Na nemi abokin Auta, wanda suka tashi tare suka koyi mota tare, yana cikin masu zaman makoki a waje. Da na taɓo maganar sai ya dubi ƙasa. Ya ce shi ya tura motar Auta a ranar. Ya ce shekarun nan duk in ya hango Kawu a kasuwa sai ya sauya hanya. Faɗa da baki ba zai shiga kunnen Inna ba, in ji shi, sai dai ta gani.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a an watse, abokin Auta ya sauko da gorar daga rufin zauren Kawu, duk yanar gizo. Ya maƙala ta a gaban motarsa a lungun gidan, ya ɗaure kyamarar Kawu a bakinta. Ƙullin ya gagare shi, aka kai wa matar Kawu bakin igiyar har ƙofar zaure, ta tamke shi ba ta ko duba ba. Na shiga na ce wa Inna ta fito ta ga wani abu. Da ta hango gorar ta juya za ta koma, na riƙe gefen mayafinta, abin da ban taɓa yi ba. Ta harare ni, ta tsaya.

Wani direba ya zauna a sitiyari ya ɗaure fuska ya kwanto gaba, irin zaman mai gudu. Abokin Auta ya danna kyamara, shi da wani direban suka sa kafaɗa a bayan motar. Ta fara gangarawa, ba ƙara, ba hayaƙi. Wata akuya ta fito daga gidan maƙwabta ta bi gefen motar, ta wuce ta, ta tsaya gaba tana cin bawon rogo. Aka kwance kyamarar aka kawo wa Inna. Hoton bai yi kyau irin na Kawu ba, ya ɗan girgiza, gorar ma tana ciki. Amma katangar lungun ta narke ta zama zare, motar tana tsakiya kamar za ta fito ta take mutum.

Abokin Auta ya durƙusa ya faɗa mata sauran. Ya ce haka aka yi na Auta, haka aka yi na kowa. Ya ce kalmar da Kawu ke maimaitawa a wurin ita ce sannu, sannu, kun cika sauri. Ya ƙara da cewa a ranar abokin turinsa bai zo ba, Kawu ne ya saita kyamarar ta jira, ya zagayo ya sa kafaɗarsa, suka tura tare.

Inna ta ƙura wa hoton ido. Ni tsoro nake ji, ban san ko na gyara ba ne ko na ƙara ɓatawa. Can ta yi magana, ba da kowa take ba.

"Ashe rannan ɗai ɗana yat tahi sannu."

Ta taka zuwa gaban motar, ta ɗora hannu a kan bututun, daidai inda robar gugar take. A nan kukan da ta hana kanta tun ranar rasuwar Kawu ya zo.

"Yaya, ka cuce ni da shirunka. Na yahe maka. Kai ma ka yahe min."

Rabin farko mun ji, mun shaida. Rabi na biyu ba mai amsa mata shi a duniyar nan, kuma shi ne ke cinta yanzu. Matar Kawu ta ce mata bai taɓa cewa ta yi masa laifi ba, Inna ta ce ai shi ne abin da ya fi ciwo. Ba ta cika cin abinci ba. Ranar Juma'a in an sauko masallaci sai ta fito bakin ƙofa ta zauna, mu kuma ba ma tambaya. A tasha kuwa ba abin da ya sauya, hotunan suna nan manne a gaban motoci, yara suna ta gudunsu, masu cewa tsoho ne ya zuga su ba su daina ba.

Kafin in koma aiki na shiga yi mata sallama, na tarar ta juyo da hoton Auta. Ga shi nan a sitiyari, ya ɗaure fuska, duniya tana narkewa a bayansa. Ta kira ni ta nuna min ƙasan motar ta baya, wani duhu-duhu da duk muka ɗauka inuwa ce. Kawu ya goge gorar tas, wannan bai goge ba. In ka ƙura ido za ka ga alamar ƙafafu, sun shafe saboda takawa. Inna ta sa yatsa a kan gilashin ta ce waɗannan na Yaya ne, ta san takunsa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ya haɗa shi da Auta a inda ba a gaggawa. Allah ya sanyaya zuciyar Inna. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.